Shiga ƙungiyar masu kiwon tumaki: ku da kuke haɗa su da shanu, yaya kuka gani?

Mai tambaya, unguwar Birni a Damagaram
Assalamu alaikum. Ina da shanu biyu da tumaki ƴan kaɗan a bayan gida. Maƙwabcina ya matsa in yanki katin ƙungiyarsu ta masu kiwon tumaki. Iyayena da yayyena da kuka riga mu shiga, me kuka samu a ciki? Kuma garke ɗaya kuke yi musu da shanu?

Wani dattijo daga Mirriya
Wa alaikumus salam, ɗana. Ni abinci ne ya kai ni. Da kaka muke haɗa kuɗi mu sayi harawa da kowar wake tun suna araha, mu jibge a rumbu. In aka shiga bazara, watan Afrilu zuwa Mayu, sai ka ga wanda bai tanada ba yana zagaye Kasuwar Dole ranar Alhamis yana neman dami a ninkin kuɗinsa. Wanda ya ga rashin ciyawar 2010 ba sai an yi masa wa'azi ba. Shanu suka fi faɗuwa a shekarar nan, tumaki kuwa suka lallaɓa da ƴaƴan gawo.

Hajiya daga Zango
Ƙanena, ka raba musu wurin ci. Saniya in ta sa kai a kwami ba ta san tunkiya ba, kaɗa ƙaho ɗaya za ta yi kowa ya watse. Nawa dusar tumakin a tsohuwar tasa nake zubawa bayan dangar kara, na bar ƴar kafa wadda tunkiya ke shiga, maraƙi ba ya iya wucewa. Sannan ka kula da dutsen lasa na kanti. Malamin dabbobi da ƙungiyarmu ta gayyato ya ce wanda aka yi don shanu yana iya ɗaukar sinadarin jan ƙarfe da yawa, shi kuwa taruwa yake a hantar tunkiya har ya kashe ta. Tun ranar na koma kanwa da gishiri.

Wani daga Matamaye
Hajiya ta faɗi gaskiya. In ƙara da allura. Mutane na zaton in an yi wa shanu ta ciwon huhu an gama, alhali ta tumaki daban ce, ta annobar nan mai sa majina da zawo. Ita ba ta kwantar da saniya, amma tana share garken tumaki. Ƙungiya ce ke sanar da mu ranar da masu rigakafi za su zo.

Wani matashi daga Magariya
Ku yi haƙuri iyayena, ni ban ji daɗi ba. An ce za a kawo ragon Balami na barbara ya riƙa zagayawa gida-gida. Ya zo, amma a gidajen shugabanni ya ƙare. Har na fita daga ƙungiyar, tunkiyata Uda ba ta gan shi ba. Kafin ka ba da ko dala, ka nemi ganin littafin kuɗi, ka tambayi wa ke riƙe da makullin rumbu.

Dattijon Mirriya
Yaro, wannan laifin mutanenku ne. Mu ƙuri'a muke jefawa, kowa da makonsa. Kuma da aka rufe iyakar Nijar da Najeriya a 2023, hanyar Maigatari ta tsaya, ƴan ƙungiya ne suka yi ta nemo wa juna masu saye a cikin gari.

Hajiya daga Zango
Tunkiya wata 5 take ɗaukar ciki, saniya wata 9, ga jiran maraƙi ya girma. Kuɗin makaranta da na magani duk daga tumaki nake cirewa, saniyar ba na taɓa ta. Ragon layya kuwa tun saura wata uku ko huɗu nake ɗaure shi shi kaɗai. Amma kai da kake cikin Birni, leda ce babbar abokiyar gabarka. Kada ka sake su su bi bola.

Mai tambaya
Allah ya saka da alheri. Baba na Mirriya, taku tana karɓar mutumin cikin gari, ko sai mazaunin can?