Ana tsakiyar ƙarin jini jiki ya rikice, ashe ba jinin ba ne: wa ya taɓa gani?

Ungozomar Dare:
Assalamu alaikum. Wata mai jego ce ta zubar da jini sosai makon jiya. Muka sa mata misoprostol, maganin tsayar da zubar jini bayan haihuwa, a ƙarƙashin harshe, aka ɗaura ledar jini ɗaya. Ko minti 20 ba a yi ba ta fara makyarkyata, har gadon na kaɗawa, zafin jiki 39. Nan take uwar mijin ta yanke hukunci, wai jinin ƙanin mijin ne bai karɓe ta ba. Na tsayar da jinin, na sa ruwan gishiri da sabuwar roba, na mayar da ledar lab. Rukunin jini daidai, gwajin Coombs, wanda ke nuna ko jiki na yaƙar ƙwayoyin jinin, bai nuna komai ba, fitsari fes. Sai likita ya tuna mini cewa rawar sanyi da zazzaɓi sanannun illolin misoprostol ne. Kafin asuba ta ware. Wa ya taɓa gamuwa da irin wannan, a zargi jini ashe laifin na wani ne?

Nas Ɗakin Yara:
Wa alaikis salam Sista. Mu da damina kullum ne. Yaro ya zo da maleriya, jini ya yi ƙasa, ana cikin ƙari zazzaɓin ya dawo a kan lokacinsa. Abin da ke cetona shi ne awon da na yi kafin ɗaura leda. In na rubuta 38.5 tun kafin a fara, to ina da abin kwatantawa. Wanda bai auna ba, duhu kawai yake lalube.

Mai Lab:
Sista Ungozoma, kin yi daidai da kika tsayar. Sai dai a yi wa jinin adalci ta ɗaya ɓangaren ma: akwai zazzaɓin da ƙarin jinin kansa ke kawowa ba tare da fashewar ƙwayoyin jini ba, shi ma Coombs ba ya nuna shi. Naki zai iya zama maganin, zai iya zama shi. Abin da gwajinmu ya kore shi ne mai kisan, wato fashewar ƙwayoyin jini saboda saɓanin rukuni.

Ni jan fitsari ya fi kawo mini mutane a guje. Sai in juya fitsarin a inji. In jan ya kwanta a gindin kwalba sama ta washe, jini ne ke zuba, wataƙila robar fitsari ce ta ji masa ciwo, ko tsargiya. In ya ƙi washewa, sai hankali ya tashi, don alama ce ta fashewar ƙwayoyin jini. Ko a nan ba kullum rukuni ne ya saɓa ba. An taɓa kawo mini ledar da aka tsoma a ruwan zafi wai don ta huce daga sanyin firij, ai dafa ƙwayoyin aka yi. Wani kuma mai tarin fuka ne yake shan rifampicin, shi ya rine masa fitsari, ba wanda ya tambaye shi magungunansa.

Baban 'Yan Biyu:
Ni ba ma'aikaci ba ne. Ɗana aka ƙara wa jini, fitsarinsa kamar baƙin shayi, ido ya yi shawara. Na riƙa zargin asibitin a raina. Daga baya aka ce yana da ƙarancin G6PD, matsalar gado da ke sa ƙwayoyin jini saurin fashewa, kafur ɗin da ke cikin akwatin kayansa ya ci. Fitsarin ma tun a gida ya canza, mu ne ba mu lura ba.

Likitar Mata:
Allah ya ƙara masa lafiya, Malam. Nawa mai jego ce, sati 3 da haihuwa. Rabin leda ya shiga ta kasa kwanciya, numfashi sama-sama. Muka ce jinin ya yi wa zuciyarta yawa, muka ba ta Lasix, maganin rage ruwa a jiki. Gaskiya ne, amma rabin gaskiya. Hoton zuciya ya nuna ciwon zuciyar masu jego, wanda muke yawan gani a Arewa. Mahaifiyarta ta ce ƙafa ta kwana biyu da kumbura, tana kan kunun kanwa da wankan jego. Ledar tona asiri kawai ta yi.

Maman Mai Sikila:
Don Allah ku bar ni in kawo kishiyar zancen. 'Yata an ƙara mata jini, aka sallame mu lafiya. Kwana 8 bayan nan ciwon ƙashi ya tashi, ga zazzaɓi, fitsari ya yi duhu. Kowa ya ce ciwonta ne da ta saba, har an fara neman wata leda. Wata ƙaramar likita ce ta tambayi yaushe aka yi ƙarin ƙarshe. Da aka auna, jinin ya sauka ƙasa da inda yake kafin ƙarin. Jikinta ne ke farfasa baƙon jinin, a makare. Suka ce da an ƙara wata ledar ba shiri, da abin ya fi haka muni.

Ungozomar Dare:
Subhanallahi. Anti, yaya jikin nata yanzu?

Maman Mai Sikila:
Da sauƙi, alhamdu lillahi, ta koma makaranta. Yanzu ina da ɗan littafi a jaka, duk ranar da aka ƙara mata jini sai na rubuta kwanan wata da lambar leda. Shi nake fara miƙa wa likita kafin katin asibiti.