Ta ina zan gane hawayensa na gaskiya ne?

Bazawara: Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Wata takwas ke nan wani direban tirela yana nemana. Sau huɗu muka haɗu, sauran duk a waya. Ranar da Babanmu ya rasu, direban ya bar mota a Mokwa ya taho, ya yi kwana uku a tabarma tare da yayyena, har na hango shi ta labule yana goge ido da hannun riga. Ya ce zai turo magabatansa bayan Sallah. An yi bincike, ba a samu aibu ba. Amma tsohon mijina ma ya sha kuka a gabana. Ta ina zan san wannan daga zuci yake?

Ɗan Kwari: Ki sa a yi bincike a unguwarsu.

Bazawara: Yaya, ai na ce an yi.

Maman 'Yan Biyu: Ƙanwata, kuka? Nawa har rantsuwa ya yi a gaban mahaifiyata. Shekara tara ina dafa masa, na san tarinsa tun daga bakin layi, na san wace hula yake sawa in ransa a ɓace yake. Ranar da na ɗauki rigarsa zan wanke, na tsinci rasit ɗin kuɗin makarantar yaro ɗan aji uku da sunansa a jiki. Ashe wata matar gare shi a wani gari. Abin da ya fi ƙona min rai, ranar ma ya dawo da tsire yana dariya kamar kullum. Na ƙura masa ido, wallahi ban ga komai a fuskar nan ba. Masu cewa labarin zuciya a tambayi fuska ba su zauna da irinsa ba.

Anti Mai Turare: Allah ya saka miki. Ke kuma ki sa a yi miki istihara, dubu biyar na bayar.

Hajiyar Zinder: An cuce ki. Namu malamin ɗari biyar yake karɓa, sadaka.

Almajiri: Istihara ba a sayenta, raka'a biyu ce da addu'a, da kanki za ki yi. Batun zuciya kuwa, ko Usama bin Zaid da ya ce mutumin da ya kashe a yaƙi tsoron takobi ya sa ya yi shahada, Annabi (SAW) tambayarsa ya yi ko ya tsaga zuciyarsa ya gani. Sayyidina Umar kuma, in mutum ya ce ya san wani, sai ya tambaye shi: kun yi maƙwabtaka? Kun yi tafiya? Harkar kuɗi ta haɗa ku?

Maman 'Yan Biyu: Malam, ka taɓa aure? Duk ukun nan na yi da shi.

Ɗalibin Falsafa: Tambayar nan tsohuwa ce. Descartes, wani Bafaranshe, ya rubuta a 1641 cewa in ya leƙa taga, huluna da riguna kawai idonsa ke gani suna wucewa, hankalinsa ne ke yanke cewa mutane ne a ciki. Ciwon haƙorinki ke kaɗai ke jin sa, ni kumburin kawai nake gani, sai in kwatanta da nawa.

Ɗan Kwari: To wannan Bature ya zo kasuwar Kwari ranar jajiberin Sallah, in aka taka masa ƙafa zai gane akwai mutum a cikin rigar.

Bazawara: Don Allah ku dawo kan maganata. Mutum ya bar kaya a hanya saboda ni, wannan ba komai ba ne?

Anti Mai Turare: Ku dai yi gwajin jini, tun 2024 doka ce a Kano. Jini kam ba ya ƙarya.

Hajiyar Zinder: Ni masu ba da shaida nake jin haushi. Ka je unguwa tambaya, kowa ya ce "yaron kirki ne", sai an ɗaura a ce ai kowa ya san halinsa.

Maman 'Yan Biyu: Maƙwabcinmu ne ya raka shi ɗaurin auren waccan! Kuma har gobe ni nake gaishe shi.

Ɗan Kwari: To Hajiya, wa zai yarda a ce shi ya ɓata aure? Kawuna sau ɗaya ya faɗi gaskiya, shekara shida ba a kawo masa goron gayyata ba.