Kyanwata tana dawo da abinci tun bayan da ta sha kafso

Maman Hanifa, Fadaman Mada, Bauchi:
Assalamu alaikum. Kyanwata ta yi ciwon ido da atishawa, likitan dabbobi ya rubuta mata doxycycline, muna buɗe bakinta muna jefa mata kafson kullum har ya ƙare. Idon ya warke, amma ba a jima ba ta fara dawo da abinci da zarar ta haɗiye shi, yana fitowa kamar yadda ya shiga. Ruwa da romo suna wucewa lafiya, nama da kifi ne ba sa tsayawa, ga yawu yana zuba, ga rama. Shin maganin zai iya jawo haka?

Baban Sadiq, Wunti:
Wa alaikumus salam. Hajiya, a duba ko ƙayar kifi ce ta maƙale mata, domin kyanwoyinmu na gida ba sa rabuwa da kan kifi.

Likitan dabbobi, Tumfure, Gombe:
Maganar Malam tana da muhalli, kuma dole likita ya duba ƙaya ko ƙashi, amma lokacin da abin ya fara ya sa na fi zargin maganin. Doxycycline da clindamycin sun yi suna wajen wannan illa a jikin kyanwa. Idan aka jefa ƙwaya ko kafso a bushe, sau da yawa ba ya isa ciki, sai ya manne a hanyar abinci, wato bututun da ya taso daga maƙogwaro zuwa tumbi, ya narke a wurin. Doxycycline idan ya narke yana da tsami mai ƙuna, sai ya ci fatar wurin ya bar gyambo, kuma yayin da gyambon yake warkewa tabonsa yana janyewa ya tsuke hanyar. Wannan ne dalilin da alamun sukan bayyana bayan mako ɗaya zuwa uku, lokacin da mai gida ya ɗauka an gama da ciwo.

Abin da kika bayyana ya bambanta da amai, Hajiya, domin mai amai cikinta yana murɗawa tana yunƙuri, ita kuwa wannan abincin yana dawowa ne ba tare da wahala ba tun bai narke ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne kada abincin ya sarƙe ta ya faɗa huhu ya zama namoniya, saboda haka idan kika ji tari ko numfashi da ƙyar, kada a kwana a gida.

Ana tabbatar da ciwon ta hoton ƙirji bayan an ba ta barium, wani farin ruwa da ke sa hanyar abinci ta fito a hoton, ko ta zura na'ura mai kyamara. Maganinsa shi ne a sa ta barci a zura siririyar balan-balan a hura ta a wurin da ya tsuke, kuma yawanci sai an maimaita. Kayan aikin ba ko'ina ake samunsu ba, don haka likitanku ya tuntuɓi asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ko na Jami'ar Maiduguri kafin ku ɗauki hanya.

Maman Hanifa:
Na gode, Likita, Allah ya saka da alheri. Me zan riƙa ba ta kafin mu je? Kuma 'yar'uwarta ma ta fara atishawa, shin in hana a ba ta wannan magani?

Likitan dabbobi, Tumfure, Gombe:
Ki niƙa dafaffen nama ko kifi marar ƙaya da romo ya yi ruwa-ruwa kamar kunu, ki ba ta kaɗan-kaɗan sau da yawa a rana, kwanon yana kan wani abu mai tudu domin ta ci gabanta a ɗage. Game da 'yar'uwar, maganin yana da amfani ƙwarai ga irin wannan ciwon ido, kuma ban ga dalilin guje masa ba idan likita ya rubuta. Ki roƙi na ruwa idan akwai. Idan ƙwaya ce, ki bi ta nan take da ruwa mililita 6 a sirinji marar allura, a hankali ta gefen baki, ko ki ba ta ɗan abinci mai laushi ta haɗiye a bayansa.