Wai gaskiya ne bishiya na iya korar kifi?

Mai Banda:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Shekarata goma sha ɗaya ina sarin banda da busasshen jatan-lande a Oron ta jihar Akwa Ibom ina kaiwa Kano. Da can kwana biyu sun ishe ni cika mota, yanzu sai in yi mako ban haɗa rabin kaya ba. A wannan zuwan wani masunci da muka daɗe muna ciniki ya ɗauke ni a kwalekwale, ya nuna mini inda mahaifinsa ke jefa koma. Itatuwan nan masu saiwoyi a waje kamar ƙafafun gizo-gizo sun kau, wata kaba mai dogon ganye ta cinye wurin. Ya ce ita ta kori kifin. Abin ya tsaya mini a rai.

Bazazzagi:
Wa alaikumus salam Alhaji. Mutumin nan bai yi maka ƙarya ba. Itacen da ka ce ya kau shi ne mangurof, kuma cikin saiwoyinsa ƙananan kifaye da jatan-lande da kaguwa ke fakewa har su yi ƙwari su fita teku. Kabar kuwa sunanta nipa, baƙuwa ce. Turawa suka kawo ta Kalaba daga Singafo a 1906 don tare zaizayar gaɓa. 'Ya'yanta na bin ruwa, duk inda aka sare mangurof sai ta riga shi tsirowa, ga shi ba ta da irin saiwar da kifi zai shige.

Na Fatakwal:
Ku ƙara da ɗanyen mai. Na je yankin Ogoni na ga taɓo baƙi ƙirin, ko kaguwa ɗaya ba ta motsi. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya ce gyaran wurin zai iya cin shekara 25 zuwa 30.

Hajiya Mai Kifi:
Alhaji, mu ma fa da hannunmu a ciki. Da wane ice ake bandar da muke saye? Da mangurof ɗin nan ne, don yana ci ko bai gama bushewa ba. Na sha ganin an jibge shi a bakin ruwa, ban taɓa tambaya ba.

Mai Banda:
Wallahi Hajiya kin taɓo inda ke mini ciwo. Jibi zan koma, zan zauna da matan da ke mini banda mu ga ko akwai wani icen da zai yi.