Zafin bazara ya rikita mini lokacin fita farauta

Assalamu alaikum, manyanmu mafarauta, ina neman shawararku. Tun da bazara ta kama, fitata huɗu ke nan daga Maraɗi zuwa gefen dajin Baban Rafi, ko fakara ban samu ba. Lokacin sanyi da hantsi nake fita, in iske zabin daji suna kiwo. Yanzu zafi ya haura digiri 40, kafin ƙarfe 9 duk sun shige ƙarƙashin sabara.

Na gwada sammako bayan sallar asuba, sawu kawai nake tararwa a bakin ruwa, karnukana kuwa tun hantsi sun galabaita. Shin in koma la'asar sakaliya, ko in yi kwanto a mashaya? Mahaifina ne ya san wannan, bara Allah ya yi masa rasuwa.