Neman shawara: an yi mini tayin aikin tuƙin tirela a ƙasar waje

Direban Daura:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekarata 11 ina tuƙin tirela, galibi tsakanin Legas, Kano da Kongolam, kuma ina da lasisi ajin G wanda wa'adinsa bai ƙare ba. Wani ejan da aka haɗa ni da shi a Katsina ya ce yana da kamfanin sufuri a Kanada da zai ɗauki nauyin bizata a kan naira miliyan 9, in ba da rabi yanzu, rabi idan takarda ta fito, in kuma ƙarfina bai kai ba akwai ta Saudiyya a kan miliyan biyu da rabi. Abin da na mallaka shi ne filin gadona da ke hanyar Mai'aduwa, kuma har an taya. Tambayata guda ce: wace takarda ya kamata in gani da idona kafin in sallama filin nan?

Ɗan Funtua:
Wa alaikumus salam. Malam, ka bar maganar Kanada ka nemi Ingila, domin can ne ake neman direbobin manyan motoci ruwa a jallo, har gidajen mai suka taɓa bushewa saboda rashin masu jan tanka.

Malam Mai Alli:
Ɗan Funtua, labarin da kake bayarwa na shekarar 2021 ne. A lokacin gwamnatin Birtaniya ta ware biza 5,000 ta 'yan watanni ga direbobin manyan motoci, kuma shirin ya ƙare tun farkon 2022. Tuƙin babbar mota ba ya cikin sana'o'in da ake ba bizar ƙwararrun ma'aikata a can. Shi kuwa mai tambaya, takardar da za ka nema a maganar Kanada ita ce LMIA, wato amincewar hukuma cewa kamfanin ya nemi direba a cikin ƙasar bai samu ba. Kuɗinta dalar Kanada 1,000 ne, kamfanin ne ke biya, kuma doka ta hana shi karɓa daga hannun ma'aikaci, don haka sai ka tambayi ejan ɗin inda miliyan 9 za ta tafi. Ka nemi sunan kamfanin, da kwafin wannan takarda, da yarjejeniyar aiki mai ɗauke da albashi. Ka kuma sani cewa lasisinka na nan ba zai ba ka hau tirela a can ba. A lardin Ontariyo sai mutum ya yi horon dole na sama da awa 100 kafin ya zauna jarrabawar lasisi ajin A.

Tsohon Takari:
Ƙanena, ni ban san Kanada ba, amma ta Saudiyyar da ake nuna maka a matsayin mai sauƙi, ni na ɗanɗana ta. A 2022 na sayar da bijimai biyu da keken ɗinkin maiɗakina na ba wani ejan naira miliyan ɗaya da dubu ɗari uku, bisa alkawarin zan ja tirela a wani kamfani a kan riyal 2,500 a wata. Bizar da Larabci aka rubuta sana'ar, ni kuma karatuna na allo bai kai in gane abin da ake nufi ba, ban kuma kai wa kowa ya duba mini ba don kada a yi mini baki. Wanda ya tarbe ni a filin jirgin Riyad wani dattijo ne, ya miƙo hannu ya karɓi fasfona ya zura a aljihun jallabiyarsa tun kafin mu gama gaisawa. Da igama, wato katin izinin zama, ta fito sai na ga an rubuta sa'ik khas, wato direban gida. Ɗakina yana jikin ƙofar shiga, faɗinsa bai wuce na katifa da buta ba, na'urar sanyaya ɗakin tana ɗigar da ruwa cikin wani tsohon gwangwanin madara da nake zubarwa sau biyu a dare. Aikina kai yara makaranta, da jiran uwargida a bakin kanti har ƙarfe ɗaya na dare, da wanke motoci uku kullum, albashi riyal 1,200. Duk tarar da kyamarar Sahir mai kama laifin tuƙi ta ɗauka daga albashina ake cirewa, har wadda babban ɗan gidan ya jawo da kansa.

Da na cika shekara na nemi canjin kafili, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin zamana, saboda na ji an sassauta doka a watan Maris na 2021, sai aka fahimtar da ni cewa sassaucin bai shafi ma'aikatan gida ba, kuma direban gida yana cikinsu. Na haƙura wata huɗu, na bar gidan, kafilin ya rubuta mini hurub, wato ya kai rahoton na gudu, bayan wata bakwai aka kama ni a Jidda aka kai ni tarhil, inda ake tsare waɗanda za a mayar ƙasarsu. Na sauka Kano da leda ɗaya a hannu. Ejan ɗin yana nan, ranar Juma'a ma sahu ɗaya muka yi salla.

Na Kofar Guga:
Allah ya mayar maka da alheri, Yaya. Sai dai farashin da ka faɗa ya ba ni mamaki, domin ƙanena miliyan 3 da dubu 800 ya biya bara, ban da fasfo da gwajin asibiti, kuma shi ma direban gida ne.

Alhaji Na Dammam:
Ku duka an cuce ku. Ni ban ba kowa ko sisi da sunan kuɗin biza ba, fasfo da gwajin lafiya kawai na yi wa kaina, kamfanin ne ya aiko da biza da tikiti, kuma yau shekarata 6 ina jan tirela tsakanin Dammam da Riyad. Bambancin yana wuri ɗaya: bizar kamfani ce ko ta gida. Ma'aikacin kamfani yana ganin yarjejeniyarsa a manhajar Qiwa, shi kuwa na gida ta manhajar Musaned ake ɗaukarsa. Kada labarin mutum ɗaya ya rufe wa bawan Allah ƙofar arziƙi. Sannan, da girmamawa, Malam Mai Alli bai taɓa riƙe sitiyarin tirela ba, bai kuma taɓa kwana a wata ƙasa ba, abin da ya karanta a intanet yake kawo mana.

Malam Mai Alli:
Alhaji, gaskiya ne ban taɓa tuƙa tirela ba, amma ban ga inda maganarka ta saɓa wa tawa ba, tunda kai da bakinka ka ce ba ka sayi biza ba. Da wani ya karanta wa Tsohon Takari kalmomi biyu kafin ya hau jirgi, da bijimansa suna nan.

Ɗan Funtua:
Ni abin da nake hange shi ne mutumin Daura, wanda hunturun Janairu ke sa shi naɗe kai da rawani biyu ya ƙi fita sallar asuba sai da kaskon wuta, a ce shi ne zai ɗaura wa taya sarƙa a cikin ƙanƙarar Kanada. A haɗa masa da buhun citta da kanumfari cikin kuɗin bizar.

Hajiya Maman Khalifa:
Ɗana, ka tambayi ejan ɗin lasisinsa na ɗaukar ma'aikata zuwa waje, wanda Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ke bayarwa, kuma kada ka miƙa kuɗi sai ta banki da sunan kamfani, a gaban shaidu. Fili kuwa, ka shawarci mahaifiyarka tukuna.

Baba Na Kongolam:
Duk kun tsallake abin da zai fara kayar da shi. Kowane kamfanin kirki zai nemi shaidar shekarun da ya yi yana aiki, to wane mai mota ne a ƙasar nan yake ba direbansa takarda? Na yi wa wani Alhaji tuƙi shekara 14, tun ina yaron mota har na zama direba, babu takardar ɗauka, babu ta albashi, sai kuɗin hanya da abin da ya ga dama. Ranar da na nemi ya rubuta mini layi uku cewa na yi masa aiki, cewa ya yi so nake in kai shi kotu, washegari ya karɓe makulli.

Na Kofar Guga:
Baba, naka ma da sauƙi. Ni taya biyu suka fashe mini a hanyar Mokwa, aka cire kuɗinsu daga haƙƙina na wata uku, alhali tun a gareji na faɗa cewa sun suɗe.

Direban Daura:
Na gode ƙwarai, iyayena da yayyena. Na kira ejan ɗin na nemi sunan kamfanin da kwafin LMIA, ya ce sirrin kasuwanci ne, ba ya nunawa sai an biya rabi, kuma mutum biyu kawai suka rage a cike gurbi. Mai sayen filin yana jiran amsata ranar Laraba. Alhaji Na Dammam, don Allah ta wace hanya kamfaninku ya same ka?

Baba Na Kongolam:
Na Kofar Guga, ai cire kuɗin taya tsohon zance ne. Ka tambayi duk wanda ya taɓa jan tanka yadda ake yi da shi idan aka auna mai a wurin saukewa aka ce ya yi ƙasa da lita 200, ko da hatimin tankin yana nan yadda aka ɗaura shi a defo.