Muhawara: Labour ce ta ci zaɓen 2024, ko tsarin zaɓen Birtaniya ne ya miƙa mata mulki?

Aminu (Manchester): Assalamu alaikum jama'a. Tunda sakamakon zaɓen cike gurbi na mazaɓar Runcorn ya fito a Mayun 2025, ina so mu koma kan maganar nan. Ni ina nan a kan bakana: Labour ba ta ci zaɓen 4 ga Yulin 2024 ba, tsarin zaɓen ne ya ɗauki mulki ya damƙa mata. Ƙuri'a miliyan 9.7 ta samu, kashi 33.7 cikin 100, amma ta kwashe kujeru 411 daga cikin 650. Mutum ɗaya cikin uku na waɗanda suka fito ne ya zaɓe ta, sai ga ta da kusan biyu bisa uku na majalisa. Reform ta Nigel Farage kuwa ƙuri'a miliyan 4.1, kujera biyar kacal. Wannan ba adalci ba ne, ko da wanda aka danne ɗin ba ka ƙaunar ganinsa.

Malam Garba (Zariya): Wa alaikumus salam. Aminu, alƙalumanka daidai ne, hukuncin da ka yanke a kansu ne ban yarda da shi ba. A Birtaniya ba zaɓe ɗaya ake yi ba, zaɓe 650 ake yi a rana guda. Kowace mazaɓa ta fitar da wakilinta, wanda ya fi kowa ƙuri'a shi ya ci, ko da ratar ƙuri'a ɗaya ce. Babu jam'iyyar da ta shiga ba ta san wannan doka ba. Keir Starmer, jagoran Labour a zaɓen, da mutanensa sun daina ɓata ƙarfi a inda suke da tabbacin ci, suka zuba shi a mazaɓun da ake kankankan. Wannan aiki ne aka yi da tunani, ba sa'a ba.

Aminu (Manchester): Allah ya gafarta Malam, to Jeremy Corbyn, tsohon shugaban Labour, fa? A 2017 ya kawo wa Labour ƙuri'a miliyan 12.9, kashi 40 cikin 100, aka ce ya faɗi, kujeru 262. A 2019 da aka ce an yi wa jam'iyyar kayen da ba ta sha irinsa ba tun 1935, ƙuri'a miliyan 10.3 ya samu. Starmer bai kai ko wannan ba. Ta yaya wanda ya fi ƙarancin ƙuri'a zai zama gwarzo? Tsintar dami a kala ya yi. Conservative ce ta fashe, daga kusan miliyan 14 ta dawo miliyan 6.8, Reform ta yagi rabonta, Labour ta bi ta tsakiya ta wuce.

Fatima (Glasgow): Yaya Aminu, a nan Sukotilan dai ba haka abin ya kasance ba. Labour ta tashi daga kujera ɗaya zuwa 37 cikin 57, kuma ƙuri'unta sun ƙaru sosai, mutane da gangan suka juya wa SNP, jam'iyyar masu neman 'yancin Sukotilan, baya. Amma kuma akwai abin da ke ƙarfafa maganarka: Labour kashi 35, SNP kashi 30, sai ga kujeru 37 da 9. Ratar kashi biyar ce ta haifi wannan. A 2015 kuwa SNP ce ta ci gajiyar tsarin, ta kwashe 56 cikin 59 da rabin ƙuri'un Sukotilan. A lokacin ban ji magoya bayanta a unguwarmu suna kuka ba.

Hajiya Rabi (Leicester): Ku bari in faɗa muku abin da idona ya gani, tunda ni na jefa ƙuri'a a wannan zaɓe. Rumfarmu a zauren wata makarantar firamare take. Ka nuna katin shaidarka mai hoto, a ba ka 'yar takarda guda, ka shiga lungu ka yi alama da fensir a gaban suna ɗaya, ka ninke ka jefa. Suna ne a gabanka, Aminu, sunan mutumin da ka san fuskarsa. A Leicester ta Kudu Jonathan Ashworth na Labour ya ci 2019 da ratar sama da ƙuri'a 22,000, kuma yana cikin manyan da ake sa ran za su zama ministoci. Mutane suka fusata da matsayin Labour kan Gaza, suka tsayar da Shockat Adam, mai aikin duba ido, ba jam'iyya a bayansa. Na ga mata da ba su taɓa shiga siyasa ba suna bi ƙofa ƙofa da takardu a hannu. Ya kayar da Ashworth da ƙuri'a 979. A tsarin rabon kujeru daidai da ƙuri'u da kake so, inda jam'iyya za ta jera sunaye a raba mata kujeru, Ashworth zai kasance can sama a jerin Labour, kuma babu abin da ƙuri'ata za ta yi masa.

Malam Garba (Zariya): Hajiya ta taɓo inda nake so. Ba Leicester kaɗai ba. Ayoub Khan a Birmingham Perry Barr, Adnan Hussain a Blackburn, Iqbal Mohamed a Dewsbury da Batley, duk sun ci ba jam'iyya a bayansu, ga Corbyn kansa da ya tsaya a matsayin indifenda a Islington ta Arewa bayan jam'iyyarsa ta hana shi takara. Wes Streeting, wanda ya zama ministan lafiya, da ƙuri'a 528 ya tsira. Liz Truss, wadda ta yi firaminista, mazaɓarta ta sallame ta da ratar 630, tana tsaye a kan dandamali tare da sauran 'yan takara aka karanta sakamakon.

Aminu (Manchester): Hajiya, ina girmama abin da kuka yi a Leicester, wallahi. Amma kujera biyar ce cikin 650. Kuma kun yi nasara ne saboda kuna da yawa a wuri ɗaya. Wanda ke da ra'ayi irin naki amma yana zaune a wani ƙauye na Kent, ƙuri'arsa ta tafi a banza, kuma haka za ta riƙa tafiya har ya mutu. Ku yi lissafi: Labour ta samu kowace kujera da ƙuri'a kamar 24,000. Reform sai da ta tara sama da 800,000 kafin kujera ɗaya. Liberal Democrat ba ta kai Reform ƙuri'a ba, miliyan 3.5, amma kujerunta 72. Green ta kusa miliyan biyu, kujera huɗu. A gaya min wane ma'auni ne wannan.

Isufu (Damagaram): Ina da tambaya, ku yi haƙuri da katse ku. Hajiya ta ce ta yi zaɓe. Baƙo yana zaɓe a Ingila?

Hajiya Rabi (Leicester): Ɗan ƙasar da ke cikin ƙungiyar Commonwealth, in yana zaune bisa ƙa'ida ya kuma yi rajista, yana jefa ƙuri'a har a babban zaɓe. Ɗan Najeriya, ɗan Gana, ɗan Kamaru duk sun shiga. Ku na Nijar ba kwa ciki, Isufu, sai in mutum ya karɓi takardar zama ɗan ƙasa.

Isufu (Damagaram): Na gode Hajiya. To ni abin da zan ƙara, mu a Nijar lokacin da ake zaɓen majalisa, jeri ake yi, a raba kujeru gwargwadon ƙuri'un da kowace jam'iyya ta samu a jiha. Ƙananan jam'iyyu suna shiga, wannan gaskiya ne. Amma wanda ke rubuta jerin shi ne mai iko, ɗan majalisa ya fi tsoron shugaban jam'iyya a kan talakan da ya zaɓe shi. Bayan zaɓe kuma sai a shiga ciniki, wane ya koma ƙawancen wane. Aminu, kada ka ɗauka wancan tsarin ba shi da nasa ciwon.

Fatima (Glasgow): Amma ba dole sai jeri zalla ba, Malam Isufu. Majalisar Sukotilan kujeru 129 ce. Ana zaɓen 73 a mazaɓu, kamar yadda Hajiya ta bayyana, sauran 56 kuma a raba su ta yankuna don a cike giɓin jam'iyyun da suka sami ƙuri'a ba su sami kujera ba. Takarda biyu ake ba ni a rumfa. Tun 1999 ake haka. Ina da wakilin mazaɓata da zan iya kayarwa, ƙuri'ata ta biyu kuma ba ta faɗi ƙasa ba. A Ireland ta Arewa jera 'yan takara ake yi, na ɗaya, na biyu, na uku. Wato a cikin Birtaniyar ma an daɗe ana amfani da wasu hanyoyin, majalisar dokokin ƙasa da ke Landan ce ta ƙi taɓa nata.

Malam Garba (Zariya): Ba ƙi ta yi ba, 'yata, an tambayi jama'a. A watan Mayun 2011 an yi zaɓen raba gardama kan sauya tsarin, kusan kashi 68 cikin 100 suka ce a bar musu abinsu. Kuma ku tuna gwamnatin haɗakar da ta kawo wannan tambaya. Nick Clegg, shugaban Liberal Democrat a lokacin, ya yi wa ɗalibai alkawarin ba zai goyi bayan ƙarin kuɗin jami'a ba, da ya shiga gwamnati da David Cameron na Conservative a 2010 sai aka ɗaga kuɗin zuwa fam 9,000. A 2015 jam'iyyarsa ta faɗo daga kujeru 57 zuwa 8. Haɗaka ke nan: kowa ya ce ba laifina ba ne, abokin tafiya ne ya matsa. A 2024 kuwa babu wanda ya ruɗe game da mai laifi. Shekara 14 Conservative na mulki, firaminista biyar, shagulgulan da aka yi a ofishin Boris Johnson lokacin kullen korona, kasafin Truss da ministan kuɗinta Kwasi Kwarteng na Satumban 2022 da ya girgiza fam ya tayar da kuɗin ruwan bashin gida. Jama'a suka so a kore su, a dare ɗaya suka koma kujeru 121 daga 365.

Aminu (Manchester): Malam, abin da aka kawo a 2011 ba rabon kujeru daidai da ƙuri'u ba ne, jera 'yan takara ne a mazaɓa mai kujera ɗaya. Ko masu neman sauyin da yawa ba shi suke so ba. Ba a taɓa tambayar mutane ainihin tambayar ba. Kuma ciwon ya daɗe. A 1951 Labour ta fi yawan ƙuri'a, Churchill na Conservative ya kafa gwamnati. A Fabrairun 1974 Conservative ta fi ƙuri'a, Labour ta fi kujeru. A 1983 ƙawancen jam'iyyun Liberal da SDP ya samu kashi 25, kujeru 23, Labour kashi 27 da ɗoriya, kujeru 209. Da can ana iya kau da kai, saboda manyan jam'iyyu biyu ke kwashe kusan komai. A 2024 su biyun a haɗe ba su kai kashi 58 ba, waɗanda suka fito zaɓen ma kashi 60 ne.

Hajiya Rabi (Leicester): Aminu ɗana, bari in fito maka fili. In aka bi lissafinka, Reform za ta sami kujeru kusan 90. Ni ina ƙasar nan a ƙarshen Yuli da farkon Agustan 2024, bayan kisan yaran nan uku a Southport, lokacin da aka far wa masallacin garin, aka kai hari otal ɗin da aka sauke masu neman mafaka a Rotherham. Jikokina ba su je islamiyya ba a makon. Ban ce Reform ce ta tura kowa ba. Amma jam'iyyar da jarinta shi ne maganar baƙi, ban ga dalilin da zan yi mata fafutukar ƙarin kujeru ba.

Isufu (Damagaram): Ita Kemi Badenoch da ta karɓi Conservative a Nuwamban 2024 ba za ta iya dawo da waɗanda suka gudu Reform ba?

Malam Garba (Zariya): Wadda ta ce a wata hira ita Bayarbiya ce, babu abin da ya haɗa ta da mutanen arewacin Najeriya? Wannan magana ta yi min ciwo, kuma ta cancanci zama na musamman. Amma a kan tambayarka, zaɓen ƙananan hukumomi na 1 ga Mayun 2025 bai nuna haka ba. Reform ta karɓe majalisun yankuna goma, har da Kent daga hannun Conservative.

Aminu (Manchester): To Hajiya, a nan ne tsorona ya fi naki. Kina ganin tsarin garkuwa ne, ni kuma ina ganin ranar da zai juyo kanmu. Runcorn da Helsby, Labour ta ci a 2024 da ratar sama da ƙuri'a 14,000. Wata goma bayan nan, a zaɓen cike gurbi, Reform ta ƙwace da ƙuri'a shida. Shida, Hajiya. A 2024 Reform ce ta zo ta biyu a mazaɓu 98, akasarinsu na Labour. In ƙuri'u suka rabu gida biyar, Labour da Conservative da Liberal Democrat da Green da indifenda, kashi 30 zai iya ba Farage abin da kashi 33.7 ya ba Starmer. A tsarin rabo kujeru 90 ko 190 zai samu, dole ya nemi abokin tafiya. A wannan tsarin zai iya haura kujeru 326 da ake bukata don rinjaye shi kaɗai. Malam, ranar za ka ce an yi aiki da tunani?

Malam Garba (Zariya): Zan ce ya ci, Aminu, ko da raina bai so ba. Ba zan yabi doka ran da ta ba ni, in zage ta ran da ta hana ni ba. Kuma Holan da ke rabon kujeru daidai da ƙuri'u, jam'iyyar Geert Wilders mai adawa da baƙi ce ta zo ta ɗaya a 2023 har ta shiga gwamnati.

Fatima (Glasgow): Ta shiga, Baba, amma shi bai zama firaminista ba, saboda abokan haɗakar ba su yarda ba. Wannan shi ne abin da Yaya Aminu ke faɗa.

Hajiya Rabi (Leicester): Wannan lissafin na kashi 30 ya taɓa ni, ba zan ɓoye ba. Amma ban sauka daga matsayina ba. Duk tsarin da za a kawo, in ba zan iya zuwa ofishin ɗan majalisata in zauna gabansa in ce ɗakin da aka ba maƙwabciyata yana yoyo ba, ba na so.

Isufu (Damagaram): Labour da ta samu kujeru 411 a 2024, ba za ta iya sauya dokar ba in ta ga dama?

Fatima (Glasgow): Za ta iya, doka ce kawai majalisa za ta zartar. Conservative ta yi haka a 2022, ta sauya yadda ake zaɓen magajin gari a Landan da Manchester ba tare da raba gardama ba. Babban taron Labour na 2022 ma ya amince da a koma rabon kujeru daidai da ƙuri'u, Starmer bai sa shi cikin alkawuran zaɓe ba. Da kashi 33.7, kujeru kamar 220 ne rabon Labour. Wato kusan mutum 190 cikin 'yan majalisarta za a nema su ɗaga hannu a kan dokar da za ta raba su da kujerunsu. Yaya Aminu, ina tare da kai a kan gyara, amma ban ga wanda zai kawo ƙudirin daga cikin gwamnatin nan ba.